Marmaro a Bayan Waya

Masu zama a rumfar mai gyaran babur, can inda kwalta ta ƙare, sun ce Mai Zuma ya san dutsen nan fiye da tsakar gidansa. Wani ya ce sai ya gaisa da birai kafin ya gaida maƙwabta. Mai gyaran babur kuwa cewa yake, "Ku ƙyale tsoho. Shekara arba'in yana hawa, ko ƙaya ba ta taɓa kawo ƙararsa ba." Mai Zuma ɗa namiji ɗaya gare shi, wanda ya karanci awon ƙasa, kowa na ce masa Injiniya.

Da hukumar birni ta yanke shawarar sayen dutsen daga hannun magadansa, don namun daji su zauna lafiya, mutanen birni kuma su sami wurin shan iska, Injiniya aka ba aikin fitar da iyaka. A tsakiyar damina ya yi awon. Ko'ina kore shar, kowane kwari da ruwansa. Ya ja layi miƙaƙƙe, ya bar wani ɗan lungu na bayan dutse a waje, don shigar da shi zai karkatar da shinge.

Ranar kafa turaka uban ya bi Injiniya da jami'an hukuma da sandarsa. Da suka isa lungun ya tsaya.

"A sa nan a ciki. Akwai marmaro ƙarƙashin falalen can. Da rani shi kaɗai ke saura."

"Baba, hoton sama ya nuna ruwa wuri goma sha ɗaya a cikin shinge."

"Hoton damina."

Wani jami'i ya ce, "Dattijo, kai wa ya gaya maka?"

"Ƙudan zuma. In rani ya tsananta, duk nan suke nufa."

"To sai a kira su su sa hannu a takarda."

Aka bushe da dariya, har da Injiniya. Ya ce, "Baba, don Allah ka koma gida, rana ta yi. Wannan ba aikin amya ba ne."

Tsohon ya dube shi, ya juya ya sauka.

Magada suka sayar da lungun ga masu fasa dutse. Aka ja waya mai tsayi, aka yi ƙofa da kujerun siminti, aka kafa allo mai hoton barewa. Iyalai suka riƙa zuwa ranar hutu da tabarmi da yara.

Sai rani ya shigo. Ruwan nan goma sha ɗaya suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, suka bar taɓo mai tsagewa. Marmaron yana nan yana tsiyaya, taku ashirin a bayan waya. Dabbobin na jin ƙanshinsa. Birai kan tsallake. Gada da barewa kuwa sai su yi ta kai da komo a gindin shinge har ƙasar wurin ta zama turba.

Mai Zuma ya raba tsohuwar durom biyu, ya binne rabin a cikin shinge. Kullum da safe sai ya ɗauki jarka a ka, ya hau, ya juye, ya sauko ya sake. Bai kai ƙara wurin kowa ba. In ɗansa ya zo gaisuwa, sai ya amsa, ya ci gaba da saƙar amya.

Autar gidan, wadda ke ɗinki a kasuwa, ita ta kasa haƙuri. Ta sami yayanta a ofis, fanka na juyawa bisa kansa, taswirar dutsen manne a bango.

"Sannu da hutawa, Yaya. Layinka ya yi kyau, kamar an ja da zare."

"Ke Auta, ina cikin aiki."

"Baba ma yana cikin aiki. Sawu biyar jiya. Gwiwarsa ta kumbura kamar kabewa, ni nake gasa masa ita."

"Na rubuta wa hukuma. Sun ce filin ba nasu ba ne yanzu."

"Ka rubuta. Madalla. Barewa ta iya karatu?"

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Ba takarda yake jira daga gare ka ba. Kai ma ka sani."

Washegari da hantsi Injiniya ya hau. Tun daga nesa wari ya tare shi, ungulai na shawagi. Barewa biyu kwance a gindin waya. Ɗaya ta cusa kai a ramin wayar, ƙahonta ya maƙale, a haka ta mutu. A ɗaya gefen, motar haƙa ta riga ta ture falalen. Inda marmaron yake sai tarin tsakuwa da ɗan danshi.

Uban na durƙushe yana ƙoƙarin zare ƙahon. Jarkar na gefensa, rabin ruwan ya zube a hanya, rigarsa sharkaf. Ya ji takun amma bai waiwaya ba.

"Riƙe mini wayar," in ji shi.

Injiniya ya riƙe. Suka zare kan, suka ja gawar zuwa inuwa. Tsohon ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma zaune a kan dutse, yana kallon tarin tsakuwar.

"Jiya suka fasa," ya ce. "Ina tsaye."

Injiniya ya cire hularsa. Ya durƙusa a cikin ƙura, daidai ƙafafun uban, waɗanda suka faffashe da kaushi.

"Baba, ka faɗa mini ban ji ba, na kuma bari aka yi maka dariya, har na taya su. Ni na yi wannan ɓarnar. Ka yafe mini."