Hannun Manaja

A ƙasarsu, in aka ce mai zanen hoto, ita ake nufi. Ɗalibai kan tsaya a bayanta don su ga yadda take riƙe buroshi. A nan kuwa, inda aikin mijinta ya kawo su, babu wanda ya san ta sai mai shagon ƙasan bene, shi ma a matsayin matar da ke sayen sabulun jarirai.

Ba ta zauna kukan baya ba. Sai dai tun kafin ta buɗe akwatin kayan aikinta ta yanke hukunci: fentin mai ba zai shiga ɗakin da 'yarta ke numfashi ba. Warinsa ko babba yana kama wa ƙirji, balle jaririya. Ta koma fentin ruwa. Ita kuma yarinyar, wadda ubanta ya laƙaba wa suna Manaja don ita ke tsara wa kowa barci da tashi, ba ta yarda a ajiye ta. Saboda haka a goye ake aikin, an jingina ƙyallen zane tsakanin firji da taga.

Hotuna uku ta kai wani gidan baje kolin zane. Mai gidan, wata dattijuwa da kowa ke kira Madam, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna bangon da ke fuskantar ƙofa.

"Babba nake so, wanda zai cika nan. In ya yi, bangon naki ne ranar buɗewa. In bai yi ba, akwai masu jira."

Ta ba ta kusurwa a ɗakin baya, inda wasu masu zane ke aiki da fentin mai. Mijin ya koma aikin yamma don ya riƙe Manaja da safe. Ga fili, ga haske, ga baya sakayau babu nauyi. Ta zana mutane a tasha suna jiran mota, ta zuba duk gwanintar da ta zo da ita.

Madam ta sa tabarau, ta cire.

"Babu kuskure ko ɗaya. Amma mutanen nan kamar an yi musu guga. Ina hannun da ya yi waɗancan ukun?"

Maganar ta tsaya mata a wuya har gida. Ta jera zanen da ta yi a ɗakin nan a kan gado tana dubawa, mijin na ba Manaja ayaba.

"Baban Manaja, hannuna nawa ne? Matar nan ta ce in nemo wani."

Ya yi dariya har ayabar ta faɗi. "Wai ke ba ki san rawa kike yi in kina aiki ba?"

"Rawa? Allah ya shirye ka."

"Wallahi. Nan, can, nan, can, kamar kwalekwale. Kina jijjiga Manaja, buroshi na bi."

Ta sake duban zanen. Gaskiyarsa. Kowane layi yana da ɗan lanƙwasa, mutanen ciki kamar yanzu za su ɗaga ƙafa. A ƙasarsu ba ta da wannan. Goyo ne ya ba ta.

"To ki goya buhun shinkafa mana," in ji shi. "Ba ya kuka, ba ya fitsari."

Ta harare shi, amma washegari ta gwada, ta ɗaure buhun da zani a ɗakin baya, sauran masu zane na ƙunshe dariya. Aikin banza. Shinkafa ba ta mutsu-mutsu, ba ta buƙatar lallashi, jiki kuma ya ƙi yin ƙarya.

Ta kwance buhun ta nufi ofishin Madam.

"Na gano hannun. Yana gida yana shan nono."

Da Madam ta fahimta, sai ta ce, "Ai da sauƙi. Kawo ta ɗakin baya."

"Cikin wannan warin? Ko bangon duniya za ki ba ni, ba za ta shaƙe shi ba. Ƙyallen kuma ba zai shiga ƙofarmu ba, na auna. Ki ba ni tsakar gidan baya, inda ake sauke kaya. Akwai iska, akwai inuwa."

"A nan direbobi ke shan shayi fa."

"Su sha. Ai mutane nake zanawa."

Haka aka yi. Ta shafe guggun mutanen nan da farin fenti, ta gyara goyo, ta fara. Manaja na gunaguni, uwa na kaɗawa, buroshi na bi. Direbobi suka riƙa ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Ana dab da gamawa, yarinyar ta yi wata miƙa ta harba ƙafa, shuɗin layi ya tsallake kan wani tsoho ya haye sama.

"Kash, ta ɓata miki!" in ji wani direba.

Ta ja da baya ta duba. Layin ya zama kamar iskar motar da kowa ke jira. "Bar shi, malam. Mai aikin ce ta sa hannu."

Madam ta fito, ta sa tabarau, wannan karon ba ta cire ba. Can ta kira ma'aikata su kawo tsani, sannan ta tambayi sunan da za a rubuta a ƙasa.

"Nawa," in ji mai zane, tana gyara ɗaurin zani. "Amma ki bar wuri a gefe. Manaja ba ta son a manta da ita."