Halan Cakulan na Khala Ikilima

Ina juya cakulan a kwano, Khala Ikilima tana danne garin biskit a tire da gindin kofi, sai muka ji Mus'ab ya daki ƙofar falo da ƙafa. Yana da mukulli. Idan ransa a ɓace yake ne ba ya amfani da shi.

"Ci gaba da juyawa," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "In kika tsaya zai yi gudaji."

Na ci gaba da juyawa.

Ƙofarmu na kallon tasu a hawa na uku, cikin wani tsohon bene a unguwar Aziziyya ta Jidda. Ni da mijina Bello daga Kano muka zo, aikin ɗakin gwajin jini ya kawo shi. Ita kuwa Khala, wato inna da Larabci, Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Maiwurno. Tana amarya aka kawo ta Jidda, a nan ta binne mijinta, a nan ta haifi Mus'ab, shi ke nan ɗanta. Da yana aiki a wani sito a Khumra, har ya yi aure ya haifi 'ya. Ƙwayar da suke kira shabu ce ta raba shi da aikin, ta zuƙe masa kumatu, ta bar shi yana tauna haƙora ko ba ya cin komai.

Babu gas a gidanta. Tukunyar gas ɗinta tana kicin ɗina tun ranar da Mus'ab ya buɗe ta ya zauna a gabanta da ashana a hannu. A gidana take girki. Amma hala, wato kayan zaƙi a bakin mutanen Jidda, ta ƙi yarda ta yi shi a kicin ɗin wata, sai ta koyi wanda ba ya bukatar wuta. Bota a bakin taga take ajiyewa, rana ta narkar. Cakulan kuma a kwano, ta ɗora kan ruwan zafi na butar lantarki. A kwaɓa garin biskit da bota a shimfiɗa, a haɗa cakulan da kirim a zuba a kai, a barbaɗa kwakwa, a jera pikan, wata ƙwaya doguwa mai tsaga-tsaga da ban taɓa gani ba sai a hannunta. Sauran aikin na firji ne. Kwakwar kaɗai nake ɗan soya mata a gidana in kawo.

Mus'ab ya tsaya a ƙofar kicin. Jallabiyarsa ta yi dauɗa a gwiwa. Bai kalle ni ba, faranti ya kalla, wanda ta zuba pikan a ciki.

"Yumma, wa ke cin wannan a gidan nan?" Yumma yake ce wa uwarsa, irin na Larabawa.

"Sannu da zuwa. Akwai shinkafa a kula."

"Na ce wa ke cin wannan? Ke ciwon sukari gare ki."

"Na Sadiyya ne, baƙi za ta yi," in ji ta, tana nuna ni da haɓa.

"Ƙarya ne." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murƙushe ta tsakanin yatsu. "Layan ce ke tsince pikan ta fara cinyewa. Ita kike yi wa."

Layan 'yarsa ce, ba ta kai shiga makaranta ba. Uwarta Rana ta gudu da ita bayan ya karya mata hannu da ƙafar kujera. Khala Ikilima ce da kanta ta ɗaure musu kaya ta sa su a mota, kuma ita kaɗai ta san inda suke. Ko ni ba ta faɗa mini ba.

"Fen Rana?" Idan ya fusata Larabci ke fara fito masa. "Ina matata? Ina 'yata?"

"Suna inda Allah ya ajiye su."

Ya sa hannu ya share farantin, pikan ya watsu har ƙarƙashin firji. Ya fizgi wayarta daga kan kantar kicin ya danna, ta ƙi buɗewa. Ya miƙa mata.

"Buɗe."

"Ba zan buɗe ba, Mus'ab."

Ya buga wayar da bango, gilashinta ya tarwatse. Sannan ya mare ta. Ban taɓa ganin ɗa ya mari uwarsa ba, ban kuma taɓa zaton idona zai gani ba. Tabaronta ya faɗa cikin wurin wanke-wanke. Ba ta kare fuskarta ba, tire ta jawo ta matsar da shi gefe, nesa da hannunsa.

Na ajiye kwanon na shiga tsakaninsu. "Ka ji tsoron Allah, mahaifiyarka ce."

Da bayan hannu ya make ni. Na bugu da firji, na ji gishirin jini a bakina, na zame na zauna a ƙasa. Daga nan nake kallonsu. Ya kama wuyan hannunta ya murɗe, awarwaronta ya lanƙwashe ya shige cikin fata.

"Unguwa kawai za ki faɗa mini. Balad? Khumra? Gidan wa?"

"Karya shi," ta ce a hankali. "Ka saba."

Sai ya damƙi mayafinta tare da gashin ya jijjiga ta, ya ingiza. Ba ta da nauyi. Ƙafarta ta taka pikan ta zame, ƙeyarta ta sauka a kan bakin kantar marmara. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an ajiye tulu da ƙarfi. Ta faɗi rigingine, idonta a buɗe.

Ya tsaya da mayafin a hannunsa.

"Yumma."

Ya durƙusa ya taɓa kafaɗarta da yatsa biyu, ya janye. Ya dube ni karo na farko tun shigowarsa, kamar ni zan gaya masa abin da ya faru. Ya yar da mayafin ya fita da gudu, ina jin takunsa yana tsallake matakala.

Na rarrafa gare ta. Kafin in kai ta ƙifta ido, ta dafa ƙasa ta zauna. Bayan kunnenta ya kumbura, jini kaɗan ne ke bin wuyanta.

"Cakulan ɗin," ta ce. "Kin bar shi ya huce."

"Khala, asibiti za mu je."

"Kunna butar."

Na kira Bello a wurin aiki, ina magana jinin leɓena yana ɗiga a hijabi. Ya ce in kawo ta yanzu, bugun kai ba a jira da shi, mutum yana iya tashi yana magana jini na taruwa a ciki. Na faɗa mata. Ta ɗauro mayafinta ta rufe kumburin.

"In na je yanzu za su tambaya. In suka tambaya za su kama shi. In ya gama zaman kurkuku su sa shi a jirgi sai Sudan. Yaƙi ake yi can, 'yata. Bai san kowa ba, ko hanyar garinmu bai sani ba."

"Zai kashe ki wata rana."

"Tayyib, na ji. Miƙo mini kirim."

Ta sake narkar da cakulan, ta haɗa da kirim, ta zuba a kan biskit ta baje da bayan cokali har ya yi sumul. Ta ce in share pikan da ya zube a ƙasa in zubar, akwai saura a gwangwani. Hannun da ya murɗe ya kumbura, da hagu ta barbaɗa kwakwa. Ta jera pikan zagaye-zagaye daga baki zuwa tsakiya, sau biyu tana ajiye ƙwaya a kan kantar kicin tana zaton tire ne. Na nuna mata, ta ce rashin tabaro ne.

"Na yi wa yarinyar alkawari," ta ce da ta rufe firji. "Zuwa la'asar ya kama jikinsa. Mu kai mata, daga can ki kai ni duk inda kike so. Amma za ki ce santsi ne ya kwashe ni a banɗaki."

Na roƙe ta, na yi kuka, na ce zan kira motar asibiti. Ta ce in na kira ba za ta buɗe ƙofa ba, kuma kada in ƙara ce mata Khala. Ta kwanta a kujera da ƙanƙara a ƙeya, na zauna kusa da ita ina ja ta da hira don kada ta yi barci. Ta ba ni labarin kogin garinsu, da yadda Mus'ab yana ƙarami yake tsoron kyankyaso. A zaune ta yi azahar.

Da la'asar na kira mota ta waya. Direban wani saurayi ne, Nayef. Na riƙe ta muka sauka, tire yana hannuna na dama a rufe da leda. Ta ce masa Balad. Da muka hau babban titi ta matso kunnena ta faɗa mini sunan lungun da launin ƙofar, gidan wata tsohuwar ƙawarta mai sayar da turare.

"Ki riƙe a ranki. Kada ki faɗa wa kowa."

Ba mu yi nisa ba ta ce kanta zai tsage. Sai amai ya ƙwace mata, ya wanke bayan kujerar direba. Ta so ba shi haƙuri, maganar ta fito a narke, bakinta ya karkace gefe guda. Ta kira ni Rana. Jikinta ya sandare, ƙafarta ta dinga dukan ƙofa, tire ya zame daga cinyata ya kife a ƙasan motar.

"Mustashfa," na ce wa Nayef. "Asibiti, don Allah."

Ya juya motar a inda ba a juyawa, ya danne oda bai saki ba. Na rungume kanta ina mata kalmar shahada. Numfashinta ya koma minshari mai ƙarfi. Ƙafata tana cikin cakulan, ina jin sanyinsa tsakanin yatsuna.

Na kira Bello a hanya, yana bakin ƙofar gaggawa da muka isa. Suka ɗauki hoton kanta, suka ce jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, suka shiga da ita tiyata. Aka ba ni kujera a baranda. Wata ma'aikaciya ta dubi leɓena, ta dubi hannun Khala da aka wuce da ita, ta tafi. Ba a jima ba ɗan sanda ya zo da Larabcinsa, Bello yana fassara mini.

"Yana tambaya yaya aka yi ta ji ciwon."

Na buɗe baki in ce banɗaki. Sai na tuna Mus'ab ya ambaci Balad da kansa, kuma masu sayar da turare 'yan Sudan a can ba su da yawa. Lungu-lungu zai bi.

"Ka ce masa ɗanta ne. A gabana aka yi."

Bello ya dube ni. "Kin tabbata?"

"Ka faɗa masa."

Washegari suka same shi a Khumra, a bayan tsohon sitonsu, yana kwance kan kwalaye. An ce sai da mutum huɗu suka danne shi, ya fasa wa ɗaya hanci da goshi. An ce kuma da aka sa shi a mota ya daina kokawa, ya dinga buga kansa da ƙarfen taga har sai da suka ɗaure shi da kujera.

Khala Ikilima ba ta farfaɗo ba. An aske mata rabin kai, an naɗe da bandeji, inji yana hura mata numfashi. Na zauna a gefenta na gaya mata abin da na faɗa wa ɗan sanda, ban san ko ta ji ba. Ranar Lahadi da hantsi ta cika. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Sai da aka kawo filaya aka yanke awarwaron kafin ya fita daga hannunta.

A falonta aka yi zaman makoki. Matan Sudan suka cika gidan da turaren wuta, matan Nijeriya suka kawo abinci a kuloli. Ni na je Balad na ƙwanƙwasa ƙofar da ta kwatanta mini. Rana ta buɗe, siririya, hannunta na dama bai gama miƙewa ba. Hausarta ba ta da yawa.

"Ta faɗa masa inda muke?"

"Ba ta faɗa ba."

Ta jingina da bango ta zame ƙasa, ta cusa gefen abayarta a baki.

Tare muka dawo Aziziyya. Rana ta shiga cikin mata, aka buɗe mata wuri kusa da taga. Layan ta leƙa ɗakin kakarta, ta leƙa kicin, ta fito ta tambaye ni da Larabci yaushe za ta dawo. Na ce mata ta tambayi mamanta. Ba ta je ba.

Can da yamma na fito zan ɗebo kofuna a gidana, na sami Layan a tsugune a bakin ƙofa. Takalman masu ta'aziyya sun yi tsibi har kan matakala. Tana zaro su ɗaya-ɗaya, tana nemo wa kowane ɗan'uwansa, tana jera su a jikin bango. Wani silifa ruwan ƙasa ya rage a hannunta, ta ɗaga shi tana dube-dube. Na tsaya na jira ta gama kafin in wuce.