Hannun Hagu na Mai Kwaɓi

Shekara da shekaru ƙaiƙayi na cin Mai Kwaɓi daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya shafa mai, ya sha ƙwaya, ya canza sabulu, duk a banza. Ranar da mai gidan burodi ya ga ɗigon jini a gefen teburin kwaɓi, sai ya ja shi waje ɗaya.

"Kawu, ina ganin girmanka, amma mutane ba jininka suke zuwa saye ba. Ka nemi magani, ko ni in nemi wani."

Likitan fata ya duba, ya auna, ya ce bai ga cutar komai ba, ya tura shi ɗakin ƙarshe. Ɗaki ba gado, ba allura, ko warin magani babu. Kujeru biyu ne da wata likita da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba.

Ya naɗe hannun riga ya miƙa mata. Ita kuwa fuskarsa take kallo.

"'Yata, ciwon a nan ƙasa yake."

"Na gani, Baba. Me ya faru a shekarar da ya fara?"

Wannan wace irin tambaya ce? Ya yi niyyar tashi, sai ya tuna da aikinsa, ya zauna. Da ƙyar ya ce gobara aka yi a tsohon wurin aikinsu. Ƙanensa ne mai kula da tanderu. Shi Mai Kwaɓi ne ya ɗauko ƙanen a kan hannuwan nan biyu har bakin titi, jikin na turiri.

"An binne shi, an gama. Namiji ba ya tone-tone."

"Baba, dubi farcenka."

Ya duba. Ashe tun da ya ambaci wuta yake kartar hannunsa bai sani ba.

"Wato taɓuwa na yi?"

"A'a. Wani lokaci abin da baki ya ƙi faɗa, jiki ne ke ɗauka."

Bai gane ba, amma ya ci gaba da zuwa. Kullum labarin nan ɗaya take sa shi ya maimaita, a hankali, har ranar da hawaye ya kunyata shi. Ta kuma ce ya riƙa tsayawa kusa da tanderu, wurin da tun gobarar yake kewaye wa, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa.

Haka mai gidan ya same shi wata safiya, yana gaya wa tanderu magana.

"Kawu! Da wa kake hira?"

"Likita ce ta sa ni."

"Mun aike ka ka ajiye ƙaiƙayi, ka kwaso mana wani abin? Mu ga hannun."

Na dama ya warke sumul, sai tabo. Na hagu yana nan da sabon karta.

"Wane mai ta ba ka?"

"Ba mai. Magana ce kawai."

"To maganar a kunne ɗaya ka ji ta?"

Mai gidan ya juya hannun dama, ya juya na hagu, ya sosa ƙeya. Can ya ɗauko doguwar safar roba ya jefa masa.

"Rufe wancan, ka koma bakin aikinka. Amma hirar tanderu, ka bari sai masu saye sun watse."

Mai Kwaɓi ya tsoma hannu cikin fulawa yana murzawa, yana lalube a ransa ko wane ɓangaren labarin ne bai faɗa ba, da har hannun hagu ke jira.