Ba a Ga Komai Ba

Auta ta ɗaga farantin zuwa hasken taga, ta karkata shi hagu, ta karkata shi dama. Fes yake, ja, yana sheƙi, kamar yadda ta saka shi a akwatin ɗumi shekaranjiya. Ko ɗigo bai tsiro ba.

Aikinta ke nan a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Za a dangwalo ruwan miki da tsinken auduga a kawo mata, ta shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ta rufe, ta ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, ta jira. In sun tsiro ta gane irinsu, sannan ta gwada musu magunguna ta ga wanda ke kashe su. Yayanta kan ce wasu na kiwon kaji, ita tana kiwon cuta, kuma har albashi ake ba ta.

Wannan farantin kuwa na ƙafar Baba ne. Gyambo ne a ƙasan idon sawu, ya daɗe, ga ciwon suga. Likita ya riga ya faɗa, yana kallon takalminsa, cewa in ya kai ga ƙashi maganar yanke ƙafa za a yi.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Na tsoho ne? To barka."

"Barka da me? Daga bakin ƙofa ake jin warin mikin nan. Yana zubar da mugunya, faranti kuma ya ce ba kowa a gida?"

"Ko kin ƙone ƙwayoyin da wayar ƙarfe mai zafi wajen shafawa."

"Yau na fara aiki?"

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya koma kan madubinsa.

Da yamma ta tarar da falo cike. Yaya ya riga ya karɓo sakamako, ya kuma fassara wa kowa: ba a ga komai ba. Mutane na son wannan magana, don ana iya cusa mata duk ma'anar da ake so. Wani ya ji lafiya lau, wani ya ji abin ya fi ƙarfin likita. Ba mai tambayar me ya hana a gani.

"Tun yaushe nake faɗa," in ji Gwaggo, ƙanwar Baba. "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ga shi su ma sun amsa da bakinsu."

"Ba haka takardar ta ce ba, Gwaggo. Cewa ta yi ba su tsiro ba."

"To abin da babu ai ba ya tsirowa," in ji Yaya. "Akwai wani mutum da aka ba ni labari, ƙarshen mako zan kai shi. Asibitin ya isa haka."

Baba yana kishingiɗe, ƙafar a kan matashi. "Ana ta rabon ƙafata kamar gado," ya ce, "mai ita ko tambayarsa ba a yi ba."

Auta ta matso kusa da shi. Ta sa safar hannu ta kwance bandejin don ta wanke mikin. A gefensa, inda fata ta tattare, ta ga wani gari fari-fari ya daskare. Ta lakato da auduga ta duba. Ta ɗaure ƙafar tsaf, ta bi Inna kicin.

"Inna, me ake zuba wa ƙafar Baba?"

Inna ta ci gaba da yanka albasa. "Me kika gani?"

"Gari."

"Kafso ne. Mai kemis ya ce yana busar da miki. Ɗaya ya haɗiya, ɗaya in fasa in barbaɗa."

"Har ranar da muka je asibiti?"

"Ranar ma biyu na barbaɗa. Kada likita ya buɗe ya ce ba ma kula da shi."

Auta ta ja kujera ta zauna. Dariya ta taso mata, ta haɗiye.

"Inna, audugar da aka dangwalo, da garinki ta zo. Na shafa cuta da maganinta tare a faranti, ina za su tsiro? Na can ciki kuwa suna nan suna cin naman. Maganin nan dannewa yake yi, bai kashe su ba. In da yana kashewa ai da tuni ya warke."

"To yanzu me kike so?"

"Ki daina na ɗan kwana biyu. Zan kira likita yanzu, in ya yarda, ruwan gishiri da bandeji kawai, ina dubawa safe da yamma. Sai a sake ɗiba."

Inna ta ajiye wuƙar. "In naɗe hannu ina kallon ƙafar ubanki tana ruɓewa, don tsutsotsinki su yi ƙiba?"

"Don in ga fuskarsu, in san abin da zai kashe su."

"Ke da jiya-jiya nake share miki majina."

"Ki ba ni kafson in ajiye."

Inna ta ɗauko ledar daga bayan gwangwanin sukari, ta dube ta, ta jefa cikin tata jakar, ta ja zif. "Na ji," ta ce. Auta ta san uwarta: na ji a bakinta kan zama to, kan kuma zama ki gama ki tashi.

Likita ya yarda, da sharaɗin in zazzaɓi ya taso a kawo Baba nan take. Yaya ya so ya yi gardama, Baba ya ce, "A bar yarinya ta yi kiwonta. In ta kasa, ka zo ka ɗauki rabonka."

Kwanakin nan mikin ya ƙara ruwa. Inna ta rage magana. Auta kan duba gefen fatar kowace safiya, ba ta ga gari ba, amma na haɗiya ba ya barin alama, kuma kunya ta hana ta tambaya. Da lokaci ya yi likita ya wanke mikin ya ɗebo daga can ciki, ta shafa da hannunta, ta rufe akwatin.

Washegari ta buɗe, ta ɗauko farantin ba tare da ta kalle shi ba sai da ta kai taga. Ga su nan, ɗige-ɗige masu ruwan gwal, sun bi layin da ta ja, ƙoshe-ƙoshe.

"Kai, kin ga 'ya'ya," in ji Dogo. "Ban taɓa ganin wanda ke wa cuta murmushi haka ba."

Ta shimfiɗa su a sabon faranti, ta jera musu 'yan takardu kamar ƙananan maɓallai, kowace da irin maganinta. Da ta duba bayan sun kwana, kewayen maganin Inna ɗan siririn fili ne kawai, sun matso har suna shinshinarsa. Amma kewayen wata takarda an share fili fetal, ko ɗaya bai kusanto ba.

Ta rubuta sunan maganin, ta kai wa likita da ƙafarta, sannan ta tsaya a baranda ta kira gida.

"Inna, sun tsiro. An kuma sami maganinsu."

Sai ta ji uwar ta ja numfashi.

"Kin san sau nawa na buɗe jakar nan?"

"Amma ba ki ba shi ba. Faranti ya gaya mini."

"Ashe ya iya tsegumi. Ƙafar fa?"

"Likita ya ce bai kai ƙashi ba. Yau za a fara."

"To ki kira yayanki ki faɗa masa da bakinki, Gwaggonku kuma ki bar ni da ita." Sai ta ƙara da cewa, "Shi wannan nakun, sha ake yi ko barbaɗawa?"

"Sha, Inna. Kuma ni zan riƙe kwalin."