Akwatin da Ke Rumfar Balarabe

Shekara talatin da bakwai makullin ɗakin lasifikar masallacin Juma'a na Ƙafin Maiyaki yana aljihun Malam Ubale. Mutumin da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinsu yana ji yana gani, ya fito goye da tsohuwarsa yana jan akuya biyu, ai ba shi za a koya wa duniya ba, balle wayar lasifika. Bai taɓa zama a aji ba, amma in amfilifaya ta yi tari, da kunne yake gane ciwonta.

Kwatsam sai kwamitin masallaci ya ɗauko wani injiniya daga Kano, wai shi Musaddiq, tabarau a ido, kwamfuta a hammata. Wai jama'a sun yi yawa, sahu yana kaiwa har bayan kasuwa, muryar liman kuwa kafin ta isa can ta zama ƙugi.

"Baba," in ji Musaddiq, "yanzu an daina jan murya a wayar tagulla. Na'ura ce za ta mai da ita lambobi, ta bi kebul ɗin kwamfuta guda ɗaya. Kowace lasifika da adireshinta, nata kason ya je mata tas."

"To, madalla. Mai unguwa ya san da zamansu?"

"Sai dai kebul ɗin ba ya wuce mita ɗari. Dole a sa akwati ya karɓa ya miƙa gaba."

"Wato gajiya yake yi," in ji Ubale. "Tawa wayar ba ta taɓa neman wurin hutawa ba."

Alhaji Idris, shugaban kwamiti, ya gyara hula bai dubi idon Ubale ba. "Malam Ubale, in abin nan ya yi Juma'a ɗaya lafiya, ka kawo makulli ka huta. Ka yi ƙoƙari."

Ka yi ƙoƙari! Kamar ana sallamar ɗan ƙodago.

Ranar Alhamis aka yi gwaji. Murya ta fita garau har rumfar masu tumatir, wannan kam ko maƙiyi ya shaida. Ubale ya ja tsaki, ya bi kebul ɗin da ƙafa kamar mai bin sawun ɓarawo. A tsakiyar kasuwa ya tarar da akwatin yana ƙyafta koren ido. Wutar solar masallaci ta yi masa nisa, sai gwanin ya jona shi a janaretan Balarabe mai cajin waya.

Ubale ya dawo. "Injiniya, wutar can da ka jona..."

"Baba, bar shi kawai. Wannan ba irin naku ba ne."

To, shi ke nan. Baki ya fita haƙƙinsa. Ko akuyar kasuwar nan ta san Balarabe: yana cajinsa har a gama huɗuba, ana ta da iƙama ya kashe janareta, ya rufe rumfa, ya ruga da buta. Amma wanda karatu ya cika wa kai, ina ya bar wurin tambaya?

Ranar Juma'a Ubale bai je sahun gaba ba. Ya shimfiɗa dardumarsa daf da rumfar Balarabe. Huɗuba ta tafi sumul, Musaddiq yana ta washe baki. Aka ta da iƙama. Janareta ya yi tari biyu ya yi shiru, koren idon ya mutu.

Liman ya kabbarta. Daga rumfar zuwa bayan kasuwa, manoman Kiru da 'yan acaɓa da masu kifi suka tsaya cirko-cirko, hannuwa a sake, ba wanda ya ji komai.

Nan Ubale, da yake yana jiyo liman ta lasifikar da ke kafin akwatin, ya buɗe maƙogwaron da ya taɓa kiran kwalekwale daga waccan gaɓar ruwan Tiga. "Allahu Akbar!" Wani tsoho can baya ya cafe ya miƙa, wani ya karɓa daga gare shi. Ruku'u, sujada, har sallama, ba wanda ya riga liman, ba wanda aka bari a tsaye.

Da aka watse, ga Musaddiq tsugune yana zufa a kan kwamfutarsa. "Alhaji, wallahi jiya lafiya lau yake. Netwok ne ya yanke, ban san daga ina ba."

"Ni na sani," in ji Ubale. "Mai ba akwatinka wuta ne ya tafi salla. Haka yake yi tun kana cikin zanen goyo."

Ya zaro makulli ya miƙa wa Alhaji Idris a gaban jama'a. Alhaji ya dubi makullin, ya dubi dattawan da suka kewaye su, ya tura hannun baya.

"Haba, Malam. Mayar aljihu."

Washegari Musaddiq ya sayo wa akwatin batir, murya ta koma garau. Amma ko ƙusa zai buga, sai ya zo ya rusuna: "Baba, nan ya yi?" Ubale yakan bar shi a tsugune tukuna, ya gama cin goronsa.