Bututun 'Yar Jonah

Lilian ta sake murɗa kan famfon har yatsunta suka yi ja, amma ko ɗigo bai fito ta ɗaya bakin bututun ba. Ruwan zafi na shiga yana maƙalewa, bokitin da ta tara a ƙasa kuwa a bushe ƙayau.

Lilian fa 'yar wajen Jonah mai gyaran firji a Chanchaga ce, wadda uwarta ta gama shelanta wa matan coci cewa bana za ta tafi bautar ƙasa. Shekararta bakwai tana karatun injiniya na shekara biyar. Yajin aiki ya ci ɗaya, faɗuwa ta ci ɗaya, amma ta biyun uwar ba ta faɗa wa kowa ba. Yau in aikinta bai yi ba a gaban baƙon farfesa, makaranta ta gama ba ta dama.

Aikin dai bututun jan ƙarfe ne aka nannaɗe kamar maganin sauro, aka ɗora a kan inji mai juya shi. Wai in yana juyawa, ruwan ciki yakan yi ta kewaye yana gogar bango, sai ya fi saurin hucewa. Abin da duk mai juya koko a kofi ta sani, shi ta shekara tana aunawa.

Jiya ɗan kabu-kabu ya faɗa rami da ita, tsohon bututun ya tsage. Da sassafe ubanta ya naɗa mata sabo. Shi ta kira a waya.

“Baba, ruwa ba ya wucewa.”

“Kin buɗe famfo?”

“Baba, shekarata bakwai a nan.”

Sai ya ce, “Yashin ne.”

Masu gyaran firji sukan ɗura yashi a bututu kafin su gasa shi su lanƙwasa, don kada ya lotse, daga baya su zazzage. Amma sai busasshe. Shi kuwa ruwan sama ya jiƙe komai, ya ɗebo na bakin kogi da danshinsa, wuta ta dunƙule shi a ciki.

“Na zazzage, uwata, ya fita da yawa. Ki bubbuga, ina zuwa.”

“Daga Chanchaga? Saura tebur ɗaya su farfesa su iso kaina.”

Ta bubbuga da sufana. Ta kafa baki ta hura har kunnuwanta suka toshe, hawaye suka zubo. Babu labari.

Tana goge baki sai ga Farfesa Ndakotsu cikin farar babbar riga mai sitaci, malaminta na biye da shi riƙe da takardar maki. Wannan malamin ya sha gargaɗinsu: kowa ya ce da hannunsa ya ƙera aikinsa, wanda ya ce an yi masa kuwa sifiri ne.

“Kunna mu gani,” in ji farfesa.

Ta kunna. Bututun ya ɗauki juyi. Minti ɗaya, biyu. Farfesa ya sunkuya yana leƙen tiyon da ruwa zai fito. Sai abin ya yi tari kamar tsohuwar tunkiya, ya feso masa taɓo mai ɗumi daga wuya har aljihu.

Malamin ya rufe ido.

Farfesa ya lakato taɓon ya murza a yatsa.

“Wa ya naɗa bututun nan?”

Malamin ya zuba mata ido. Ta buɗe baki za ta ce ita ce, sai ta tuna tsohon durƙushe a gaban gawayi tun asuba, da ƙuna a babban yatsansa.

“Babana ne, ranka ya daɗe. Gyaran firji yake yi.”

Malamin ya cire murfin biro.

“Jiƙaƙƙen yashi ya sa,” in ji farfesa. “Ubana maƙeri ne a Bida. Ranar da na yi masa haka, sai da na kwana biyu ban zauna da kyau ba. Amma naɗin ya yi, babu inda ya lotse.”

Ya miƙa hannu ya karɓi takardar makin da biron daga hannun malamin. A ƙasa, ruwa garau na tsiyaya cikin bokiti.

“To, 'yar mai firji, ruwa na tafiya. Karanto min zafinsa a shiga da fita.”

Wayarta ta hau ruri a aljihu, Jonah ne daga kan kabu-kabu. Ta bar ta tana ruri, ta share ma'aunin zafin da gefen zanenta, ta fara karantowa.