Wata Huɗu Tsakanin Dizal da Fetur

Abdulganiyyu ya fi shekara talatin yana kai wa makiyaya kaya a bayan duwatsun kudancin Makka. A unguwar Utaibiyya aka haife shi, a gidan da kakansa ya kama bayan ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Sau uku a mako yakan loda buhunan sha'ir da damman ciyawa da tankin ruwa a bayan a-kori-kurarsa, wadda mutanen nan ke kira wanet. Sai ya bar kwalta ya bi wata hanya marar suna, ta cikin kwari mai yashi, ta hau dutse, har inda masu raƙuma da awaki suka yi sansani.

A watan Safar motar ta mutu. Da hantsi ya daki wani ƙaton dutse a bakin kwarin, gabanta ya lotse, injin ya tsage. Shi kuwa ya fito da ɗan yanka a goshi. Duk wanda ya zo jaje, abu ɗaya yake faɗa masa: birki ne ya ƙi.

'Yarsa Rabi'atu, wadda ke aiki a ofishin wata makarantar 'yan mata, ita ce ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Da goshin ya warke ta ce a sayi wata motar, tunda abin sayen yana hannu. Ya ce to. Daga nan aka shiga maganar inji.

"Baba, ka yanke shawara?" ta tambaye shi wata safiya tana zuba masa shayi.

"Ya binti, abin ba na gaggawa ba ne. Kin ga dizal, ƙarfinsa a ƙasa yake. Ki loda masa kaya har wuya ki sa shi a hawan dutse, ba zai yi miki kuka ba, a hankali zai ja har ya kai. Kuma ba ya shan mai. Tanki ɗaya ya kai ni ya dawo da ni sau biyu."

"To a sayi dizal."

"Gabansa nauyi gare shi. In na shiga yashin kwarin nan, hancinsa ne zai fara nutsewa. Fetur kuwa sakayau ne, kina taka shi yake tashi, ya tsallake yashi kafin taya ta yi tunanin tono."

"To fetur ɗin."

"Shan mai kamar me. Kuma da kaya a hawa sai ya yi ta ihu yana ɗaukar zafi."

Haka suka yi ta yi. Yau ya ce dizal ya fi daɗewa, gobe ya ce in famfonsa ya sha gurɓataccen mai sau ɗaya gyaransa sai an ji a jiki. Jibi ya ce fetur kowane bakanike na gefen hanya ya san cikinsa, gata kuma ya ce ai shi ba a gefen hanya yake aiki ba. Makiyayan suna ta bugo waya, yana ce musu su ɗan ƙara haƙuri, su karɓa daga hannun wani kafin ya shirya. Wata ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu.

Ran nan Rabi'atu ta dawo a gajiye, ta tarar da shi zaune a tsakar ɗaki bai ko kunna fitila ba duk da magariba ta kawo jiki. Ya fara mata zancen nozul, bakin da ke fesa mai a injin dizal, sai haƙurinta ya ƙare.

"Baba, in ka gaji da aikin ne ka faɗa. Ba abin kunya ba ne. Amma ka bar bayin Allah suna jira a daji kana ta juya magana ɗaya kamar wanda bai taɓa ganin mota ba."

Ya tashi zai fita alwala, kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa, ya tsaya ya shafa wurin, sannan ya wuce.

Washegari ta tafi unguwar Ka'akiyya wajen Issoufou, bakaniken da ke duba motar babanta shekara da shekaru. Mutumin Maraɗi ne, ya zo hajji ya zauna ba takarda, yana aiki a bayan garejin wani. Ta roƙe shi ya nemo motoci biyu masu lafiya, ɗaya dizal ɗaya fetur, a ajiye su gefe da gefe, Baba ya zo ya gwada a gama.

Issoufou ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya yi magana.

"Zan nemo, ɗiyata. Amma akwai maganar da ni riƙe, ta yi mini nauyi. Tsohuwar motar nan, da aka jawo ta ni na kwance ta da hannuna. Birkinta lafiya lau yake. Babu abin da ya same shi."

"To me ya sa ya ce birki ne?"

"Wannan shi za ki tambaya. Ni abokina ne, ban iya tsare shi da ita ba."

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar. Ta tuna shayin da yake zubarwa a gefen kofi, da yadda ya daina zuwa Harami shi kaɗai yana cewa cunkoso ya yi yawa, da yadda yake juyo da kansa gaba ɗaya idan ta yi masa magana daga gefe. Duk ta gani, duk ta ce tsufa ne.

Ranar Asabar bayan la'asar ta kai shi Ka'akiyya a 'yar ƙaramar motarta. Motocin biyu suna tsaye a wani fili bayan garejin, duk farare, masu manyan tayoyi. Issoufou ya tarbe su.

"Ga su nan, Alhaji. Ta dama dizal, ta hagu fetur. Masu su sun ce a gwada yadda aka ga dama."

Abdulganiyyu ya zagaya ta hagun yana bin jikinta da tafin hannu. Ya sa aka tayar da ita, ya saurara, ya ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya je ga dizal ɗin, ya buɗe ƙofa ya hau, ya gyara kujera. Rabi'atu ta zagaya ta shiga gefensa. Ya lalubi makulli ya murɗa, injin ya kama da gurnani mai kauri, har sitiyarin yana rawa a hannunsa. Fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya ji muryar ɗan'uwa.

"Kin ji? Wannan ba ta sha wahala ba."

Ya taka kuloci, ya ɗora hannu a kan giya. Filin a buɗe yake a gabansu, babu komai sai wasu tsofaffin tayoyi can gefen dama. Rabi'atu tana kallon hannun nan. Bai motsa ba. Aka ɗauki lokaci a haka, injin yana ta aiki, Issoufou ya ja baya ya juya musu ƙeya kamar mai duba wani abu a ƙasa.

"Baba," ta ce a hankali, "Issoufou ya ce birkin nan bai lalace ba."

Ya saki kulocin, ya mayar da hannayensa biyu kan sitiyari.

"Ban ga dutsen ba, Rabi."

Ta juyo ta dube shi.

"Dutsen da nake wucewa tun ba a yaye ki ba. Yana nan ta dama inda yake kullum, rana tsaka, ban gan shi ba. Sai ƙara kawai na ji." Ya shafa sitiyarin. "Bayan sati biyu na je wajen likitan ido ni kaɗai. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar ban sani ba. Yanzu kamar ta bututu nake leƙen duniya. Abin da ke gabana sak ina gani, na gefe babu. Ya ce magani zai riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Ya ce kada in ƙara tuƙi."

"Wata huɗu, Baba? Kai kaɗai?"

"Maganin yana aljihun rigata, a masallaci nake ɗigawa." Ya yi wani ɗan murmushi da bai kai ko'ina ba. "Muddin ban zaɓa ba, ni direba ne da ke neman mota. Ina zaɓa, sai an ce in tuƙa."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kifa kanta a kan gwiwa, maganar da ta gaya masa ran nan tana dawo mata kalma bayan kalma. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi komai ba, ai gaskiya ta faɗa, an bar mutane suna jira.

"Ni zan tuƙa ka," ta ce tana share fuska. "Ina da lasisi. Ka nuna mini hanyar."

"Ki bar aikinki ki koma ɗaukar buhu? A'a."

"To mu ɗauki direba, kai kana gefe."

"In zauna a gefe kamar buhun sha'ir, wani yana ɓata mini giya? Halas, Rabi. Ya isa."

Ya kashe injin da kansa. Ya zare makullin, ya miƙa ta taga, Issoufou ya zo ya karɓa ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Ni na faɗa mata."

"Ka kyauta, Issoufou. Da ka yi shiru, wataƙila yau da na sa giyar nan."

Ba su sayi ko ɗaya ba. Kwanakin da suka biyo baya Abdulganiyyu ya rage magana, ya rage cin abinci. Rabi'atu ta karɓi ɗiga masa maganin safe da yamma, ta kwashe duk abin da ke kan hanya tsakanin ɗakinsa da ƙofar gida. Ya bugo wa makiyayan waya ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu ba zai ƙara zuwa ba. Wani tsoho a cikinsu, wanda suka yi shekara ashirin suna shan gahawa tare a gindin ƙaya, ya yi ta salati har layin ya katse.

Bayan kamar wata guda Bandar ya zo gaishe shi. Maƙwabcinsu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ke jigilar kaya a Mina lokacin hajji, sauran shekara kuma ya yi ta buga-buga. Da Larabci ya fara, sannan ya koma 'yar Hausarsa mai tsami don girmamawa. Ya ce yana so ya ɗauki aikin makiyayan in Baba ya yarda, amma bai san wace mota zai saya ba, dizal ko fetur.

Rabi'atu tana bakin ƙofa da tiren shayi, ta tsaya cak.

"Dizal," in ji Abdulganiyyu, ko numfashi bai ja ba. "Aikin nan kaya ne da hawa, ba wasan yashi ba. Yashin kwarin bai fi tafiyar minti goma ba, ka rage iskar taya kafin ka shiga, kada ka tsaya a tsakiya. Mai kuma wuri ɗaya za ka riƙa sha, mai tsabta, kada ka yarda da na jarka. Akwai wata a wajen Issoufou a Ka'akiyya in ba a sayar ba. Ka ce ni na aiko ka."

Sai ya shiga kwatanta masa hanyar, lanƙwasa bayan lanƙwasa, da sunan kowane makiyayi da yawan dabbobinsa da wanda ba ya son a makara. Bandar yana rubutawa a waya. Shayin ya huce a hannun Rabi'atu ba ta ajiye ba.

Ranar da Bandar zai yi zuwan farko, Abdulganiyyu ya ce ta kai shi ƙarshen kwalta. Suka fita da sassafe suka tsaya a inda hanyar ƙasa ta rabu da titi. Ba a jima ba motar ta iso da lodinta, Bandar ya tsaya ya fito ya sumbaci kan tsohon, ya ce ko zai shiga su tafi tare. Ya ce a'a, ya je kawai, ya gaishe masa da kowa.

Motar ta gangara ta shiga kwarin, ƙura ta rufe ta. Abdulganiyyu ya tsaya riƙe da ƙofar motar 'yarsa, ya karkata kai yana bin ƙarar. Suka ji ta fita daga yashi ta kama hawa.

"Ya yi saurin canza giya," ya ce. "Zai koya."

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace bayan dutsen. Bai motsa ba. Rabi'atu ta ga hawaye yana bin gemunsa, ta kawar da kai ta ƙyale shi. Rana ta fara zafi, manyan motoci suna wucewa a bayansu suna kaɗa masa riga.

Can ya lalubi kujerar gefe ya zauna, ya ja ƙofar.

"Mu je gida," ya ce. "Kada ki makara wajen aiki."